Tumatirin da Baba Sule Ya Ceta

Har gobe ban manta da safiyar Litinin ɗin da na shiga rumfar renon tsiro na tarar tumatirinmu duk ya warke ba. Wallahi sai da na ji kamar in yi kuka.

Shekarun farko ne bayan an koma mulkin farar hula, ina ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen noma na jami'a a nan Wudil. An haɗa ni da wata ɗaliba, Bilkisu, mai aikin binciken shekarar ƙarshe. In aikin bai fita ba, ba za ta gama tare da 'yan ajinsu ba.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin bakteriya suna fitar da wani sinadari da suke sanar da juna da shi cewa sun taru da yawa. In tsiro ya ji shi a saiwarsa, sai ya yi shiri tun cuta ba ta zo ba, ya tsuke ƙananan ƙofofin ganyensa, ya ƙara wa jikinsa tauri. Muka raba tukwanen tumatirin kashi biyu. Rabi muna ba su ruwan sinadarin, rabi ruwa zalla, sannan mu sa wa kowanne cuta. Na ruwa zalla dole su yi yaushi, da su ake gane bambanci.

To, ga su nan shar, duka!

Na kira mai ban ruwa, Baba Sule, dattijo manomi daga Indabo. Na ce, "Baba, me ka yi wa layin nan?"

Ya ce, "Haba Malam Nasiru, ai tun farko na ga kuna ba waɗancan magani kuna hana waɗannan. Sai nake ɗiba a kwalbar ina ɗan zuba musu. Ina ji ina gani shuka ta mutu?"

Murmushi ma yake yi, yana jiran godiya! Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa har muryata ta dishe. Bilkisu ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Malam, a cikinmu wa ya taɓa gaya masa so muke su mutu?"

Babu. Wata uku muna wuce shi, gaisuwa kawai.

Aka sake aikin daga farko. Ranar da 'yan ajinsu suka yi bikin kammalawa, Bilkisu tana rumfa tana ƙirga ganye. Shi ya sa nake gaya muku, kafin ku zuba ƙasa a tukunya, ku zaunar da mai ban ruwa ku yi masa bayani. Ni shekarar yarinyar mutane na ci kafin na koyi haka.