Allin Ƙofar Dallatu

Dallatu mai gyaran keke, na wani ƙauye kusa da Tsanyawa, tun da aka haife shi bai taɓa kallon idon mutum ya ce a'a ba. Ka ari famfonsa ka riƙe, in kun haɗu shi zai fara sunkuyar da kai. 'Ya'ya uku Allah ya ba shi, ƙyanda ta ɗauke biyu a bazara ɗaya. Saura Asiya ƙaramarsu, wadda ko tuntuɓe ta yi sai ya jefar da sifana ya taso.

To, sai aka shiga shekarun nan na tsada, taki ya gagari talaka, ga kuma masu ɗigon rigakafin shan inna suna bin gida-gida. A majalisa ana ta cewa abin nan haihuwa yake kashewa. Dallatu yana tsoron ɗigon, yana tsoron ciwon, ya kuma san in suka yi sallama ba zai iya korar su ba. Sai dabara ta faɗo masa. Ya lura duk gidan da suka je sukan yi zane da alli a ƙofa su wuce. Ya samo alli, ya ƙare wa ƙofar maƙwabcinsa Kassimu kallo, ya kwafe zanen tsaf a tasa, har da ƙara masa kauri.

Abin da bawan Allah bai sani ba, Kassimu da taɓarya ya kore su. Zanen ƙofarsa na gidan da aka ƙi ne, wanda za a sake dawowa.

Aka kuwa dawo, har da ɗaliban likitanci biyu da aka turo daga Kano koyon aiki, Uwaisu da Sakinatu. Dallatu ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya sa matarsa Hure ta dama fura.

Uwaisu ya kurɓa ya ce, "Irin waɗannan mutanen, magana ba ta yi musu. Doka za a kafa, wanda ya ƙi a kira masa dagaci da ɗan sanda. Ƙafar yarinya ai ba ta ubanta ba ce."

Sakinatu ta ce, "Kai dai ka cika zafin kai. Kawo ɗan sanda yau, gobe ka tarar an ɓoye yara a rumbu. Uba ne, lallashinsa za a yi."

Haka suka yi ta yi har la'asar, rabi da Hausa rabi da Turanci, mai gida na tsakiya yana gyaɗa wa kowa kai. Washegari suka dawo da sababbin hujjoji, ya yanka musu zabuwa. Ba wanda ya tuna ya tambaye shi komai. Hure ta ja shi gefe ta ce, "Malam, in ba ka buɗe baki ba, likitocin nan sai sun cinye mana har irin shuka."

Ya koma zaure gumi na keto masa. "Likita, don Allah in sa baki?"

Suka juyo kamar yanzu ya shigo.

"Ita kaɗai ta rage mini. In na ba ta, an ce ba za ta haihu ba. In na hana, kun ce ƙafa za ta shanye. To ku fara ɗiga mini. In da cuta a ciki, ta fara da ni."

Uwaisu ya ce, "Baba, ai na yara ne." Sakinatu kuwa tuni ta buɗe akwatin ƙanƙara. Dattijo da gemunsa ya runtse ido ya hangame baki. Ta ɗiga masa, ya haɗiye, ya shafa cikinsa, ya miƙe ya zauna. Sannan ya ɗauko Asiya ya ɗora a cinya, ya yi bisimilla, ya buɗe mata baki da hannunsa, aka ɗiga mata.

Likitoci suka kama hanya, Uwaisu na cewa tsoron doka ne ya yi aiki, Sakinatu na cewa lallashi ne.

Dallatu bai taɓa keken kowa ba ranar. Ya zauna a ƙofar gida ya ce, "Asiya, ruga ki taɓo darbejiyar can ki dawo." Ta ruga ta dawo, idonsa na kan ƙafafunta. Ya sake aikenta, ya sake.

"Baba, na gaji."

"Sau ɗaya kawai, uwata. Ƙara rugawa in gani."