Shanun Mahaifina a Katin Memori

Shekarun baya, ba mu daɗe da barin Kurawa muka dawo cikin Sabon Birni ba, na yi wata ɓarna da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Mahaifina makiyayi ne, kuma ɓarayin daji sun kore masa garkensa kaf. Abin da ya rage masa shi ne 'yan hotuna da bidiyo da wani maƙwabcinmu ya taɓa ɗauka a mashaya, ya tura masa a katin memorin wayarsa. Ni a lokacin ban san da wannan ba. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Bai taɓa kiran sunana ba, "wancan" yake ce mini. In yana da magana sai ya faɗa wa gwaggona, yayarsa wadda ta raine ni, ko da kuwa ga ni tsaye a wurin. Nakan hango shi a gindin bishiyar bedi ya kai waya dab da hancinsa, sai in ɗauka tafsiri yake sauraro.

Ana nan sai abokina ya zo daga Sakkwato da wata 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba. Ko gida ba ta da shi, faranti ne kore da 'yan ƙarafa a manne. Ya haɗo mini da tsohon allon kwamfuta da kibod, wai in riƙa nuna wa ɗalibaina. Ni kuwa malamin firamare, tun kafin a kunna na fara tafiya irin ta injiniya.

Gwaggo ta leƙo ɗakin ta taɓe baki. "Wanga abu shi na kwamfuta? Ai ko marfin tulu ya hi shi girma."

Muka yanka kwalin sabulu muka zaunar da ita a ciki, muka jona waya zuwa allon, muka jawo wuta daga batirin sola. Sai abokina ya ce ba ta tashi sai an zuba mata manhaja a memori, nawa kuma ya yi ƙanƙanta. Nan na tuna da na mahaifina. Na ce wa gwaggo ta aro mini, za ni sa shi a allon. Abin da ta isar masa ke nan: wancan zai sa memorinka a babban gilashi. Kafin in sha ruwa ta dawo da shi a naɗe cikin takarda. Mutumin da ko sandarsa ba ya son a taɓa, ya ba da shi nan take, amma zumuɗi bai bar ni na yi tunani ba.

Abokina ya sa katin a laftof ɗinsa, wani gargaɗi ya fito da Turanci. "Wai duk abin da ka ciki za shi tahi. Mi ka ciki?"

"Tafsiri na," na ce. "Ran kasuwa sai in kai a tura mai wani."

An ce matambayi ba ya ɓata. Tsakanina da mai katin taku goma ne, amma ban tambaya ba. Da yatsana na danna.

Muka sa katin a 'yar kwamfutar. Da farko allon ya ƙi nuna komai, sai da muka zare waya muka mayar. Can sai launuka suka bayyana, rubutu ya yi ta gudu, kibiya ta fito tana bin hannuna. Na yi ihu kamar ni na ƙera ta. Abokina ya tafi tasha don kada ya rasa mota.

Bayan azahar sai ga mahaifina da buzunsa, ya sa rigarsa ta Juma'a, gwaggo na biye da shi. Bai taɓa shiga ɗakina ba. Ya shimfiɗa buzu a gaban allon, ya gyara zama, ya dubi gwaggo.

"Ki ce ma wancan ya nuna man su. Ya hwara da jar nan mai karyayyen ƙaho. Ga waya ban iya rarrabe su, ido ya yi rauni."

"Su wa, Gwaggo?" na ce.

"Shanunai mana. Ba don su kac ce a kawo ba?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja ta gefe na raɗa mata abin da na yi, na roƙe ta ta faɗa masa. Ta ɗauki takalmanta. "Wagga magana ba ni ɗaukar ta. Bakinka shi hwaɗi." Ta fita.

Na durƙusa a gabansa na faɗa masa, ina kallon bakin buzu.

"Duka?"

"Duka, Baba."

Ya yi salati a hankali. "Sau biyu ke nan." Na jira faɗa, bai yi ba. Sai ya ce, "Zamna." Ni ya faɗa wa, ba wani ba.

Ya juya ga allon, babu komai a kai sai shuɗin fili, ya fara ba ni labarinsu ɗaya bayan ɗaya. Jar nan da ta karya ƙaho tana kare ɗanta. Farar da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai mahaifiyata. Bijimin da ya taɓa jan garke zuwa gida shi kaɗai ranar da hadari ya raba su da shi a hanyar garin Isa. Wata a ciki, ya ce, tun ranar sunana aka ware mini uwarta. Ni da na tashi a hannun gwaggo da makaranta, ban san ko ɗaya ba. Har dariya ya yi, ni ma na yi.

Da aka kira la'asar ya naɗe buzunsa. "Saura karsana da maruƙa. Sai wata rana."

Na kai katin wurin masu gyara har Sakkwato, suka ce an riga an rubuta wani abu a kai. Maƙwabcin namu kuma wayarsa ta daɗe da ɓata. Kashegari ma na koma "wancan", gwaggo ta koma aikinta na kai saƙo. Bai sake tayar da zancen ba, bayan damina biyu Allah ya yi masa rasuwa.

Kwamfutar tana nan tana aiki, ɗalibai da yawa sun koyi rubutu a kanta. Na daina zargin kaina a kan katin, rashin sani ne, kuma ya yafe. Abin da ke cina daban ne. Ina kewarsa, ina kewar wannan yinin, kuma damina biyu cur ina wucewa ta gabansa a gindin bedi, kullum da niyyar in durƙusa in ce, "Baba, saura maruƙa." Kunya ta hana ni. Ina jin shi ma jira yake in tambaya.