Sunan da Sanusi Ya Fassara Mini

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Oktoba, ina ɗan shekara goma, wata biyu kacal da zuwanmu Greensboro daga Maraɗi. An fito da mu filin wasa bayan cin abincin rana, ganyen itatuwa ya yi ja ya zube ko'ina, ni kuwa ina rakuɓe jikin wayar shinge da hular ulu da wata rigar sanyi mai ruwan ƙasa da ta yi mini yawa. Sai ƙwallo ta gangaro gabana, wani dogon yaro ɗan ajinmu mai suna Tyler ya ɗaga murya ya ce, "Friar! Pass it!" Yara uku suka kwashe da dariya. Na buga masa ƙwallon, na waiwaya ina neman Sanusi, domin a lokacin duk abin da aka faɗa mini da Turanci sai ya bi ta bakinsa kafin ya zama magana a kunnena.

Sanusi ɗan Hajiya Rabi ne, maƙwabciyarmu 'yar Katsina. A nan aka haife shi, Turanci a bakinsa kamar ruwa, Hausarsa kuma tana ɗingishi amma tana kai shi inda za shi. Bene ɗaya muke a wani rukunin gidaje da ke bayan High Point Road. Tare muke kai shara babban mazubi, tare muke ɗaukar kwandon wanki zuwa ɗakin injuna, tare muke ba yakuwar da Inna ta shuka cikin bokitai ruwa. Da yamma mu ajiye takalma biyu a wurin ajiye motoci su zama raga, mu yi ta buga ƙwallo har a kira mu cin tuwo, a kwano ɗaya. Shi ya koya mini yadda ake buɗe kwalin madara a makaranta, da yadda ake neman izinin zagawa bayi. Saboda haka shi kaɗai na nuna wa abin da ke ƙarƙashin hulata. Tun kafin mu taso, gashin tsakiyar kaina ya zube, ya bar fili sumul kamar gindin kofi. Likita ya ce zai tsiro, ya rubuta takarda aka bar ni ina sa hula a aji. A ƙarƙashin matakalar bene na cire ta, Sanusi ya duba, ya ce, "Wallahi babu mai ji."

Da na tambaye shi ma'anar sunan da Tyler ya kira ni da shi, ko ido bai ƙifta ba. "Ɗan'uwa ke nan," in ji shi. "Sun karɓe ka ne."

Na kai maganar gida. Baba, wanda ke aiki a kicin ɗin wani gidan abinci, ya yi dariya ya ce shi dai abin da ya sani da wannan suna injin suyar kaza ne. Amma Inna ta yi lakwal, wato makarantar boko ta Faransanci, a Maraɗi, ta juya kalmar a bakinta sau biyu, sai fuskarta ta washe. "Ai frère ne, Ilyasu! Ɗan'uwa. Yaron nan gaskiya ya faɗa maka." Ranar har ƙarin nama na samu.

Wata huɗu ina amsa sunan nan da murna. In an kira daga ƙarshen baranda sai in ɗaga hannu. Na sa Sanusi ya rubuta mini shi, na kwafe shi da manyan baƙaƙe a bangon littafina na lissafi. Da aka buga waya gida na shaida wa kakata cewa Turawa sun raɗa mini suna. Wata rana ma na dafa kafaɗar Tyler na kira shi da shi, don in rama alheri, suka yi ta dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa, ni ma na taya su.

Cikin watan Fabrairu muka shiga darasin tarihin Turai na zamanin da. Malamarmu ta rage fitila ta haska hoto a allo, ta rubuta kalmar a ƙarƙashinsa. A lokacin kunnena ya fara buɗewa, na fahimci yawancin bayaninta: friar mutum ne na addinin Kirista da ya bar dukiya da aure, yana yawo cikin jama'a yana wa'azi da hidimar talakawa, kuma asalin kalmar daga ɗan'uwa ne. Har na fara murmushi. Sannan na dubi hoton da kyau. Doguwar riga mai ruwan ƙasa, igiya a ƙugu, kai kuwa an aske tsakiyarsa tas, an bar gashi zagaye.

Babu wanda ya taɓa hulata. Juyowa kawai suka yi, ajin gaba ɗaya, kuma ba fuskata suke kallo ba, daidai wurin suke kallo. Wata yarinya ta zana da'ira da yatsa a saman kanta, ta rufe baki. Ashe duk sun sani, tun Oktoba. Mutum ɗaya ne bai juyo ba, ya ƙura wa teburinsa ido.

A motar makaranta na zauna kusa da Sanusi kamar kullum. "Wa ya gaya musu?"

"It was just a joke, man."

"Da Hausa na tambaye ka."

Ya daɗe yana murza igiyar jakarsa. "Kafin ka zo ni suke yi wa," ya ce. "Kullum. Da na gaya musu sai suka ƙyale ni." Sai ya ɗago kai. "Kuma ai ban yi maka ƙarya ba. Ka ji malama, ma'anarsa ke nan."

Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Da ƙarya ya yi mini da na san inda zan kama shi. Gaskiya ya gutsuro ya ba ni rabi, ya tsaya yana kallo ina yawo da ita a bangon littafi.

Ban gaya wa Inna ba, don na tuna yadda fuskarta ta washe. Ta ci gaba da aikena da kwanon dambu gidan Hajiya Rabi, in miƙa daga bakin ƙofa in juyo. Na roƙi Baba ya saya mini ƙamus, kuma daga ranar ban sake tambayar wani mahaluki ma'anar kalma ba. Gashin ya tsiro kafin hutun ƙarshen shekara, sunan ya bi ni har aji na gaba sannan ya mutu don kansa.

Yanzu Turancina ya fi Hausata gudu, ni ne ma sababbin zuwa ke kawo wa takardunsu in duba. Ni da Sanusi mukan haɗu a filin Idi, mu gaisa, mu tambayi iyali, 'ya'yanmu su ruga wasa tare. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka, kuma na daɗe da daina jin haushin yaron da ya ji tsoro. Abin da nake kewa shi ne lokacin da aboki zai faɗa mini abu in ɗauka in tafi, ba tare da na je na bincika ba. Wannan bai sake tsirowa ba.