Ɗigo Uku a Bakin Farantin Baba

Kafin bakwai na safe ta goge sikeli, ta jera kujeru a barandar masu ciwon suga, ta ajiye kwalbar jan farce kusa da na'urar gwajin jini. Shekara ashirin da takwas tana haka. Nas ce a asibitinmu, amma Inna Mai Faranti muke ce mata, don duk sabon majinyaci sai ta tura shi gida ya kawo farantin da yake cin abinci a ciki.

Ni na kai mata Baba. Ya watsar da ƙwayoyin likita, ya koma shan wani shayin rage ƙiba da abokinsa ya yaba masa, har yatsan ƙafarsa ya yi gyambo, aka fara zancen yankewa. Mun yi faɗan, mun yi lallashin, duk a banza. Inna ta jujjuya farantinsa ta ce, "Yaya, wannan faranti ne ko murfin rijiya?" Baba ya yi dariya, karo na farko cikin wata guda.

Ta ɗiga jan farce wuri uku a gefen farantin ta waje. "Daga nan zuwa nan ganye, rabi ke nan. Nan shinkafa, nan kifi ko wake. Ka koma kan maganinka, kada ka tsallake ko kwana ɗaya. Amma magani bai san girman cokalinka ba, kai ka sani."

Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kuma da yatsun ƙafarsa goma muka kai shi makwanci.

Inna, maganin masu taurin kai, ke ce kike durƙusawa ki duba ƙafar da mai ita ma yake ƙyama. Wata mai ɗinki ta shaida mini ba ki taɓa faɗin nauyinta a gaban mutane ba, sai ki rubuta mata a tafin hannu.

Watan jiya aka gwada jinina, aka ce na gaji Baba. Na nufi barandar nan, sai aka ce Inna ta yi ritaya, gwiwa ta matsa mata. Sabuwar nas ta yi mini bayanin allurar da ke rage suga da ƙiba, ta ba ni takardar abinci, komai daidai. Na zauna ina jira a tambaye ni farantina. Wallahi kewarki ce ta hana ni tashi da wuri.

Na gode, Inna, Allah ya ba gwiwar nan lafiya. Ku da kuka gaji kujerarta, ku riƙa tambayar mu abin da muke ci a ciki, ba abin da muke haɗiya kaɗai ba.

Ni dai na sauko da farantin Baba. Ɗigo biyu sun goge, saura ɗaya. A ciki nake ci yanzu, kuma a hankali nake wanke shi.