Ƙayar Mijinyawa

Da an sallame sallar asuba, kafin masu shayi su gama hura wuta, Mijinyawa yana tsugune a bakin kwata bayan masallaci yana wasa adda a kan dutse. In ya gama sai ya zura hannuwansa cikin tsofaffin safa har gwiwar hannu, ya saɓa diga, ya gangara Mokola ya jira motar da za ta rage masa hanya zuwa wajen Akinyele. Haka na san shi shekara da shekaru. Ni haƙa ce sana'ata: rijiya, masai, kabari in an yi rashi. Shi ya sa hanyarmu takan zo ɗaya, don shi ma maƙabarta yake nufa, ko an yi mutuwa ko ba a yi ba.

Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Gumel. Ya zo Ibadan yana saurayi, ya yi dako a kasuwar Shasha har bayansa ya gaza, sannan ya samu aikin ban ruwa da aske shuke-shuke a gidan wani tsohon likita a Bodija. Gidan kewaye yake da shingen wata fulawa mai ƙaya. Ƙayar ƙarama ce, a lanƙwashe kamar farcen kyanwa, ba ta huda mutum sai dai ta yage shi. Furenta kuwa yana da kyau, wannan ba a musu: curi ɗaya ka ga rawaya da ja da ruwan hoda. In furen ya kaɗe sai ta yi 'ya'ya ƙanana baƙaƙe, tsuntsaye na rububinsu. Masu magani suna ce mata kimbar mahalba. A unguwarmu ta Sabo an daɗe da daina kiranta haka. Ƙayar Mijinyawa ake ce mata, kuma ba don yabo ba.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi da matarsa Indo, sunanta Sakinat. A nan aka haife ta, ita ke yi wa uwarta tafinta a kasuwa in Yarbanci ya yi zurfi. Zazzaɓi ya ɗauke ta a tsakiyar damina, ba ta cika shekara goma ba. Aka kai ta 'yar maƙabartar da mutanen unguwa suka samu can bayan gari. Sabuwa ce a lokacin, ba katanga, daji ko'ina, karnukan mafarauta na yawo. Ni na haƙa kabarin.

A gida arewa, in an rufe mutum a bakin daji, akan saro ƙayar magarya ko ta aduwa a lulluɓe kabarin saboda kare da kura. Rana ta busar da ƙayar, gara ta ƙarasa ta, kafin nan ƙasa ta kama. Kowa da haka ya tashi. To Ibadan ba magarya. Mata ba sa zuwa maƙabarta a wurinmu, don haka da muka dawo Indo ta tambayi mijinta ko an sa ƙaya. Ya ce babu. Ta ce, "Malam, kada a bar yarinyar nan a buɗe." Ba ta taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce, ko mutuwa ba ta cire mata wannan kunya ba.

Washegari ya aske shingen likita, ya ɗaure rassan da furensu da 'ya'yansu, ya kai ya lulluɓe kabarin. Ya kafa guntun rodi ta wajen kai, ya ɗaura masa shuɗin murfin kwanon da yarinyar take zuwa makaranta da shi.

Kowa ya gani ya yaba. Da mahaifin Alhaji Ladan ya rasu, Alhaji da kansa, dillalin goro kuma shugaban kwamitin maƙabarta, ya aika a kira Mijinyawa, ya ce kaya biyu yake so, mai furen nan. Daga nan ta zama al'ada. In an yi rashi, ana wankan gawa ana cewa a faɗa wa Mijinyawa. Bai taɓa cewa a'a ba.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne ƙasar nan ba ta barin abu ya mutu. A Gumel in ka yar da reshe ya zama itacen girki. A Ibadan in ka jingina sanda ka manta da ita, ka dawo ka tarar ta yi ganye. Rassan da aka kwantar suka yi saiwa a cikin danshin kaburbura. Tsuntsaye suka ci 'ya'yan suka watsa iri duk inda suka sauka. Da farko har daɗi mutane suka ji, wai maƙabartarmu ta yi kama da ta Turawa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, abin ya haɗe, ya fi tsayin mutum, ya saƙa kansa kamar yanar gizo. Macizai suka tare. Awakin wani makiyayi suka ci ganyen, fuskokinsu suka kumbura. Tsohon ɓangaren ya rufe ruf, Sakinat tana can tsakiya inda abin ya fara. Mu masu haƙa muka koma raɓe-raɓe a gefe, muna neman inda za mu sa mutum.

Sai baki ya juya. Waɗanda suka aika a kawo musu kaya su ne suka fara cewa wa ya aike shi. Mijinyawa ya bar gidan likita, ya samu aikin ware ruɓaɓɓiyar albasa a Shasha da rana, safiyarsa kuwa ya ba ƙaya.

Wanda bai taɓa aikin ba zai ce me zai hana ya sare hanya ɗaya tak zuwa wurin 'yarsa. Ba a taka kabari. A ƙarƙashin wannan sarƙaƙiya ba ka san inda mutum yake kwance ba sai ka buɗe shi. Dole ya fara daga bakin ƙofa, ya sare, ya gano tudun, ya ga inda zai sa ƙafa. Kuma sara kawai ba ya kashe ta, ƙara mata ƙarfi yake yi, sai an tono kututturen da diga, a hankali, don saiwar a cikin kabarin wani take. In ya buɗe kabari ba ya iya wuce shi sai ya gyara masa ƙasa. Yana ci gaba, tana tsirowa a bayansa, ya dawo ya tuge ƙananan, ya sake komawa gaba. Na ce masa ya jira rani mu sa mata wuta. Ya dube ni ya ce, "Nu'uman, wuta a kan musulmi? Kai ka haƙa musu fa." Ban ƙara faɗa ba. Ranar da ba ni da aiki nakan kama masa kututture biyu ko uku, iyakar abin da na yi ke nan.

Kullum in ya dawo gida Indo takan ajiye masa ruwa, ta jira ya sha, sannan ta ce, "Ka isa wurin yarinyar nan?" Shi kuma ya ce, "Da saura." Ba ya mata ƙarya. Ɗakinsu na jikin nawa, ta katangar langa-langa nake jin tambayar da amsar, har na daina lura, kamar kiran salla.

Abin haushi, ganyen magani ne. Ana tafasa shi a yi sirace in mura ko zazzaɓi ya kama mutum, wasu su yi wanka da ruwan. Matan unguwa da mazansu ke zaginsa a majalisa su ne ke aiko da leda a ƙofarsa. Kullum yana dawowa da rabin buhu, ya zube a zaure, mai so ya ɗiba. Akwai wanda na ji da kunnena yana cewa, "Allah ya isa tsakaninmu da ƙayar nan," ga ƙunshinta a aljihunsa zai kai wa uwargida.

Kwamiti kuwa ya zauna. Ya sake zama. An yi taro an sha lemo, an naɗa ƙaramin kwamiti a cikin babban. Wata Asabar samarin unguwa suka zo da sababbin adduna da riguna iri ɗaya. "E ku ishe, Baba!" in ji su da Yarbanci, wato sannu da aiki. Suka sassare saman na bakin hanya, suka ɗau hoto, ƙaya ta yage wa ɗaya wando, kafin azahar sun watse. Inda suka sare ya fi ko'ina tohowa.

Wata safiya, damina ta kusa ƙarewa, ina haƙa a gefe sai ya kira ni. Ya ce in tsuguna in leƙa ta ƙarƙashin rassan. Can ciki, inda haske ke ɗan ratsawa, na hango shuɗin abu a kan rodi, ya koɗe, tsatsa ta ci gefensa. Layin kaburbura uku ne ko huɗu tsakaninsa da 'yarsa. Ran nan da ya koma gida Indo ta yi tambayarta, ya ce, "Na hango murfin." Ta katanga na ji tana hura wuta, ta dafa shinkafa ranar da ba ta shinkafa ba.

A satin ne Alhaji Ladan ya sanar a masallaci cewa wani mai neman kujerar siyasa ya ba da aron katafila, za a share tsohon ɓangaren gaba ɗaya. An tambayi malamai, sun ce waɗanda ke ciki sun daɗe, in dai sama za a kankare ba laifi. Kuma gaskiya wuri ya ƙare, ni na fi kowa sani. Mijinyawa ya tare shi a ƙofar masallaci yana sa takalmi.

"Alhaji, a ba ni zuwa ƙarshen rani."

"Malam Mijinyawa, rani nawa muka ba ka?"

"Ba ku ba ni ba, Alhaji. Ni na ɗauka."

Aka yi dariya a gefe. Alhaji bai ji daɗi ba. Ya ce, "Kai ka shuka, mu muke girbi. Jiya a gindin katanga aka rufe matar Mu'az, kamar wadda aka kora. Katafila kuma ba tamu ba ce, in zaɓe ya wuce ko ƙurarta ba za mu gani ba."

"Babanka ma yana ciki. Kaya biyu ka ce in kawo masa."

"Baba yana wurin Ubangijinsa, ba ya cikin ciyawa. Kai ma ka bar yarinyar nan ta huta, addu'a tana isa daga ko'ina." Ya shige mota.

Ba zan ce Alhaji ya yi ƙarya ba. Amma shi bai taɓa riƙe diga a wurin ba, kuma ba shi ake tambaya in ya koma gida.

Ranar da katafila ta zo Mijinyawa ya riga ta isa, yana sara kamar mahaukaci, jini na bin safar hannunsa. Bai kai ba. Direban ya leƙo ya ce da Turancin buroka, "Baba, komot!" wato ya fita. Ni da wani muka janye shi. Kafin la'asar an ture komai gefe ɗaya, ƙaya da tuddai da rodi, har kaburburan da ya yi shekaru yana gyarawa. Wuri ya zama fili, jar ƙasa shimfiɗe kamar za a yi ƙwallo. Ya tsaya a bakin filin ya kasa shiga, don yanzu bai san inda zai taka ba. Ya je ya tona tarin da aka ture har magariba, bai samu murfin ba.

Da ya koma Indo ta ajiye ruwa. Ta ce, "Ka isa?" Ya ce, "An share." Daga ranar ban sake jin tambayar ta katanga ba.

Ruwan farko na sauka, filin ya yi kore. Katafila ta daddatsa saiwar ta baje ta ko'ina, har inda da babu. Kwamiti ya zauna, aka ce za a sayo maganin feshi. Mijinyawa ya koma da digarsa. Amma na lura ya daina farawa daga ƙofa. Yana bin gefe a hankali, ba takalmi, yana duba tohon. Ƙananan duk iri ɗaya ne. A tsakiya kuwa akwai inda toho ya fito a dunƙule, mai kauri, daga wani tsohon kututture da bakin katafila ya aske bai tumɓuke ba. Kaurinsa ya kai cinyar mutum. Ya ce mini, "Wannan ta girmi sauran. Ita na fara kawowa."

Na duba. Akwai wani kututturen kusa da shi, shi ma ba ƙarami ba. Ko Sakinat ce a ƙarƙashin wanda ya zaɓa, ko mahaifin Alhaji ne mai kaya biyu, Allah ne masani. Ya tuge duk na kewaye, ya bar wannan ɗaya. Abin da ya ƙare ƙarfinsa yana yaƙa, shi ne kaɗai ya rage masa alama. Mutane suka ce tsufa ya taɓa shi, ga shi yanzu yana renon ƙayar.

Bai faɗa wa Indo ba. Na tambaye shi dalili, ya ce abin da bai tabbatar ba ba zai kai mata ba. Ita kuwa tun ranar katafila jikinta ya saki, ta ce gida take so. 'Yan'uwanta suka aiko a kawo ta.

Ana gobe shi da Indo za su hau mota na gan shi a maƙabarta da hantsi, ina haƙa wa wani jariri. An riga an ajiye jarkokin feshi a ɗakin mai gadi, ana jiran wanda zai yi aikin. Bai zo da adda ba, bai zo da diga ba. Ya cire takalmi a bakin fili, ya taka a hankali har wurin kututturen. Ƙayar ta yi fure, rawaya da ja, wasu sun fara ƙulla 'ya'ya. Ya tsuguna ya yi sallama, ya daɗe yana motsa baki. Sannan ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya da hannu tsirara, ya tsinke furen duka da 'ya'yan, don kada tsuntsu ya samu na ɗauka. Ya zuba su a aljihun rigarsa, ya goge jinin yatsunsa a gefen wando, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita bakin titi.