Ranar da na koyi kalmar azara a kan rufi

Ƙafata ta dama ta riga ta nutse cikin rufin kafin na ji muryar Baba daga ƙasa.

A tsohon garin Ula ne, wajen shekarar dubu biyu, mun je yawo daga Madina. Gidajen na laka ne, a manne da juna har bayansu ya zama ganuwa, ga tsohuwar ƙal'a, wato gidan tsaro, a kan dutse. Mutane sun daɗe da tashi. Ni kuwa don in hango ƙal'ar da kyau, sai na haye wani rufi.

Ina ji ƙasa tana zuba cikin ɗakin da ke ƙarƙashina.

Baba ya ce, "Habibu, taka azara!"

Na tambaya da Larabci, "Esh azara, ya Baba?"

A Madina aka haife ni, Hausar cin tuwo da zuwa aike kawai na iya. Shi kuma, duk daɗewar zamansa a unguwar Anbariyya ta Madina, tsoro ya kwashe masa Larabci kaf. Maimaitawa kawai yake yi, "Azara! Azara!"

Umma ce ta ƙwala ihu, "Khashab! Icen da ke gefenka!"

Na ɗora ƙafa kan gungumen dabinon da ya riƙe rufin. Inda na bari ya rufta nan take.

Baba bai yi faɗa ba. Sai a mota ya ce, "Saura kaɗan in rasa ɗa saboda kalma ɗaya."

Yarana ba su taɓa ganin rufin ƙasa ba, amma sun san azara. Ku fa, wace kalma ce naku ba su sani ba?