Gautan Kakata a Ƙofar Marke

Mama ce ta yi kuskuren, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda kuskure ne ba. Cewa take yi Sakkwato ce ba ta san lokacin ruwa ba.

An yi wa Baba canjin wurin aiki zuwa Sakkwato a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa, soja na mulki, ana ta buɗe makarantu ana neman malamai ido rufe. Mu mutanen kan dutse ne, daga wani ƙauye kudu da Jos. Muka sauka a Ƙofar Marke, a wani gidan haya mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, katangarmu ɗaya da gidan wani babban malamin addini. Ni ce babba, ban daɗe da shiga sakandare ba, sai ƙannena maza biyu waɗanda na tabbata an haife su ne don su gwada haƙurina.

Cikin kayan da muka zo da su akwai wani ɗan gora da aka toshe bakinsa da totuwar masara. Irin gautan kakata ne a ciki, an cuɗe shi da toka don kada ƙwari su ci. Ƙaramin gauta ne, kore mai zanen fari, ɗacinsa yakan tsaya a maƙogwaro sannan ya bar ɗan zaƙi a baya. Shi muke sawa a gwate, wato faten tsakin masara da yakuwa irin na garinmu. Kaka ta rasu damina ɗaya kafin mu taso, kawuna kuma ya gina ɗaki a kan 'yar gonarta ta bayan gida. Abin da ke cikin goran nan shi ne ƙarshen irin, ba mu san wani mai shi ba.

A garinmu akan yayyafa irin gauta a tsohuwar tasa tun sanyi bai gama tafiya ba, a dasa shi kafin Ista, domin ruwan farko ba ya wuce Ista. Haka Kaka take yi, haka Mama ta yi a Sakkwato. Ta juye goran kaf a cikin wani fasasshen daro.

Baba ya leƙa ya ce, "Da kin rage rabi, ko don tsaro."

Mama ta ce, "In rage in yi miya da shi? Kai dai ka je ka koyar da 'ya'yan mutane."

Irin ya tsiro gwanin sha'awa. Muka haƙe gindin katanga, ni da ita, muka zuba kashin awaki, muka dasa a jere. Muna cikin dasawar sai ga wata tsohuwa ta leƙo ta saman katangar, ashe a kan turmi take tsaye. Mahaifiyar malamin maƙwabcinmu ce, kowa a unguwar Inna yake ce mata.

Ta ce, "Ke matar Ticha, mi kike shukawa cikin wanga zahi?"

Mama ta ce, "Gauta ne, Inna. Ruwa ya kusa, ai Ista ta matso."

Inna ta yi dariya har turmin ya girgiza. "Wane ruwa? Ɗiyata, ko bazara ba ta soma ba."

Mama ta yi murmushin ladabi. Da tsohuwar ta sauka sai ta ce mini tsofaffi sun cika tsoro.

Daga nan bazara ta sauko mana. Kai! Ban taɓa sanin rana tana da nauyi ba sai a Sakkwato. Kafin hantsi ƙasa ta fi ƙarfin tafin ƙafa, ruwan randa ya koma kamar na shayi, ƙarfen ƙofa ma sai da tsumma ake taɓa shi. Gari yana ta cika da baƙi da gine-gine, famfon unguwa kuwa sai ya ga dama yake kawo ruwa. Nan za ka iske mata sun jera bokitai suna faɗa a kan layi, ni ma na koyi faɗan da Sakkwatanci. Gautan ya fara kwantawa ɗaya bayan ɗaya. Da safe ya miƙe, da azahar ya yi laushi kamar tsumma, wani kuma ba ya sake tashi.

Mama ta kafa doka. Ruwan wanke shinkafa na gauta ne. Ruwan ɗauraye kofi na gauta ne. Wanka kuwa a tsaye cikin daro za ka yi, ka fara watsa ruwa ba sabulu, a kwashe wannan a kai gindin katanga, sannan ka saba. Har Baba, malamin makaranta guda mai ɗaura taye a wuya, sai da ya tsaya cikin daron nan. Muka kafa sanduna muka ɗora tsohuwar tabarma don inuwa. Ni ce mai ɗebo ruwa, wuyana ya sha nauyi, kuma na yi mita ba kaɗan ba. Amma duk ran da na ga Mama ta durƙusa tana taɓa ganyen da yatsa sai in tuna hannun Kaka, in ja bakina in yi shiru.

Su kuwa ƙannena wani abu ne ya ɗauke musu hankali. Gwamnati ta ɗauko malamai daga ƙasashen waje, a cikinsu akwai wani ɗan Filifin mai koyar da lissafi a makarantar Baba. Shi ya koya wa yara wani wasa na ƙasarsu: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya maka mata sanda, ya ruga ya zagaya yana taka wasu wurare kafin a dawo da ita. Ƙannena suka kawo wasan nan unguwa. Sandarsu guntuwar tabaryar Mama ce, ƙwallon kuwa tsummoki ne da aka naɗe da robar tayar keke, in ta same ka a baya sai ka ga taurari. Mama ta kore su daga tsakar gida, suka koma lungun da ke bayan katanga, su da jikokin Inna.

Kafin Ista ta zo, gauta biyu kacal suka rage. Ɗaya ya yi ƙarfi har ya kai gwiwata, ɗayan kuwa ɗan tsamurmuri, ganyensa bai taka kara ya karya ba.

Al'adar mutanenmu a Sakkwato ita ce, wanda ya zo sabo shi ke karɓar baƙi ranar Litinin ɗin Ista, don kowa ya san ƙofar gidansa. A shekarar nan mu ne. Aka cika gidan maƙil: malaman makaranta, wani kafinta, akawu biyu, wasu har daga Dundaye a kan sababbin babura da suka saya da ƙarin albashi. Aka yanka kaji, rediyo yana ta yi, mata suna waƙoƙin coci a bakin murhu. Mama ta yi gwate babbar tukunya, amma da yalon kasuwa, kuma kowa ya ji bambancin ko da yake ba wanda ya faɗa. Ta zuba cikin kwano mai murfi ta aike ni in kai wa Inna.

Da na dawo na iske wata ma'aikaciyar jinya, wadda ta fi duk mutanenmu daɗewa a garin, tsaye a gindin katanga da hannu a ƙugu. Ta ce wa Mama, "'Yar'uwa, ba wanda ya gaya miki? Nan ba gida ba ne. Ruwa sai nan da wata biyu, in Allah ya taimaka. Ki tuge abin nan ki huta, ki daina wahalar da yarinya."

Mama ta ɗaga kai ta dubi sama. Fari fat, ko gajimare ɗaya babu. A nan ne na ga ta gane abin da ta yi da irin uwarta, ta gane gaskiyar Inna. Ban taɓa jin tausayinta kamar ran nan ba.

Ba ta kai ga amsawa ba sai muka ji ƙau daga lungu, yara suka kaure da ihu. Ƙwallon nan ta tsallako katanga, ta faɗa kan tabarmar inuwa, tabarmar ta rufto a kan babban gautan. Ya karye daga gindi, ƙaras.

Ban san lokacin da na ɗauki muciya ba. Da sabon ɗinkina na Ista na bi ƙanena da ya buga ƙwallon a guje har bakin titi, ina rantsuwa sai na karya shi yadda ya karya gautan. Kafinta ne ya riƙe ni. Da na dawo ina huci na tarar Mama ta ɗage tabarmar tana duba ɗan tsamurmurin. Ba ta zagi kowa ba. Ta ce, "Saura ɗaya. To, wannan ba zai mutu ba, sai dai mu daina wanka." Sannan ta koma ta ci gaba da raba nama.

Da la'asar baƙi suka watse. Sai ga Inna da kanta ta shigo, ta dawo da kwanonmu cike da dabino. Ta iske Mama zaune a ƙasa, riƙe da karyayyen gautan, tana kuka ba sauti. Jikokinta sun riga sun ba ta labari.

Ta ce, "Matar Ticha, gauta na cika kasuwa. Mi na na kuka?"

Mama ta ce, "Na uwata ne, Inna. Shi kaɗai ta bar mini."

Inna ta ajiye kwanon. Ta daɗe tana duban ɗan gautan da ya rage, ta dubi katangar, ta fita.

Washegari da hantsi muka ji ana sara a gindin katanga daga ɓangarensu. Ashe daidai wurin ne mutanen gidan malam suke alwala, ruwan yana bin rariya ya zube a lungu a banza. Inna ta sa jikokinta, su ɗin da suka yi ɓarnar, suka huda katangar ƙasar nan, ta sa guntun tulu a ramin, ta toshe tsohuwar rariyar. Baba ya tsorata, ya je ya sami malam a zaure don kada a ce mun shiga hurumin da ba namu ba. Malam ya ce da shi ruwan ai ƙasa yake komawa dama, gara shuka ta sha. Ya ƙara da cewa a gidan nan in Inna ta yanke magana, shi ma bi yake yi.

Gidan malam babban gida ne, ga ɗalibai ga baƙi. Duk lokacin salla sai mu ji ƙarar butoci, can sai ruwa ya silalo ta guntun tulun, ya kewaye gindin gautan. Ba shi da yawa, amma ba ya fashi. Mama, shugabar mawaƙan mata a coci, ta zama ta fi kowa sanin lokacin azahar. Da ladan ya ɗaga murya sai ta ce, "Je ki duba ko ramin ya toshe." Dokar daro kuwa ba a janye ta ba. Ƙanena da ya buga ƙwallon shi aka ɗora wa tsaron awaki, kuma ya yi, don ya san muciyar tana nan.

Gautan ya yi fure ya zubar saboda zafi. Ya sake yi ya zubar. Mama ta ce ba komai, rai take so tukuna. Haka muka ja har ranar da gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe tabarmar inuwa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Muka fito tsakar gida muka tsaya a cikinsa. Inna ta hau turminta ta leƙo, ɗankwalinta sharkaf, ta ce, "Matar Ticha, ga Istarki ta iso!"

A daminar nan ya yi 'ya'ya. Mama ta hana kowa taɓa na farkon sai da suka nuna jawur. Ta matse irin, ta wanke, ta shanya, ta cuɗe da toka, ta raba biyu. Rabi ya koma gora, rabi ta ƙulle a ƙyalle ta kai wa Inna, ta ce ruwan ai nata ne. Inna ta gatsa ɗanye guda, ta yamutsa fuska ta ce mutanen dutse ba su san daɗi ba. Amma ta karɓi ƙullin.

Bayan 'yan shekaru aka sake yi wa Baba canji, muka bar Sakkwato. Duk inda muka je Mama sai ta shuka gautan nan. Shekarar da ta yi ciwon ajali muna asibiti, rufin ɗakinta ya yi yoyo, ruwa ya shiga goran, irin ya ruɓe. Na yi kukan Mama, na yi kukan gora, ban ma iya raba su ba. Na tambaya a ƙauyenmu, aka ce yanzu kowa manyan nan na zamani yake shukawa.

Ban haƙura ba. Da na samu hutu na hau mota zuwa Sakkwato, furfura ta riga ta fara fito mini. Gidanmu na da ya zama shaguna. Gidan malam yana nan, amma Inna da malam duk sun rasu. Wata matashiya, matar ɗaya daga cikin jikokin, ta shigar da ni ba tare da ta san ni ba. Kafin in gama gaisuwa idona ya kai wurin alwala. Ga shi nan a jere a bakin rariya, kore mai zanen fari, wasu sun nuna jawur.

Na ce, "Ɗiyata, wane irin gauta ne wannan?"

Ta ce, "Gautan Ista muke ce mishi, Inna. Ban san dalili ba, haka na taras."

Na zauna a kan turmin da ke wurin. Ta tsinko mini jajayen ta cika mini gefen zane. Yana nan a bayan gidana yanzu, na shuka shi da ruwan farko. Amma na rage rabi a gora.